Taron Comic Con: sa hannun wa ya cancanci kuɗinmu, na jarumin fim ko na mai zane?

Abu Sumayya, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga harkar tara mujallun zane. Ni da ƙanena muna da niyyar halartar taron Comic Con na gaba, wato taron masoya mujallun zane da finafinai, ko a Jidda aka yi ko a Riyad, kuma abin da muka ware bai taka kara ya karya ba, domin idan aka cire tikitin shiga da kuɗin mota da na abinci, abin da zai rage ba zai ishe mu abubuwa biyu ba. Ƙanena ya kafe a kan mu bi layi mu biya a sa mana hannu wurin ɗaya daga cikin jaruman fim da za a gayyato, ni kuwa zuciyata ta fi karkata ga mu zagaya rumfuna mu sayi tsofaffin mujallu, mu kuma nemi sa hannun waɗanda suka zana su idan suna wurin. Wanne ne ya fi dacewa da wanda yake son ya fara tarawa da gaske?

Malam Hamisu, Jidda

Wa alaikumus salam, Abu Sumayya. Na halarci taron farko da aka yi a nan Jidda daga 16 zuwa 18 ga Fabrairu 2017, lokacin da Hukumar Nishaɗi ba ta cika shekara guda da kafuwa ba, gidajen sinima kuma ba su dawo ba tukuna. An kawo Mads Mikkelsen da Charles Dance da Julian Glover da Giancarlo Esposito, kuma jama'a sun yi dafifi a gabansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne teburan masu zane, inda samari da 'yan mata suka baje abin da suka zana da hannunsu, wasunsu sun buga da kuɗin aljihunsu, mutane kuwa na wuce su da sauri don kada layin jarumai ya kufce musu.

Ra'ayina shi ne ka kai kuɗinka can. Mujallar zane aikin hannu ce, kuma tarihin wannan sana'a cike yake da zaluncin da aka yi wa hannun da ya yi aikin. Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiro Superman, sun sayar da haƙƙinsa a 1938 a kan dala 130, kuma sai a 1975, bayan tsufa da talauci sun cim musu, kamfanin ya yarda ya riƙa ba su kuɗin shekara-shekara ya kuma mayar da sunayensu. Bill Finger, wanda ya ɗauki kaso mai girma na ƙirƙirar Batman, ya rasu a 1974, ba a fara rubuta sunansa a matsayin wanda aka yi aikin da shi ba sai a 2015. Jack Kirby ya yi shekaru yana fafutukar a mayar masa da shafukan da ya zana da hannunsa. Wanda ya san wannan tarihi, ya shiga zaure ya ga mai zane zaune ba kowa a gabansa, ban ga yadda zai wuce shi ya je ya biya wanda ya riga ya ƙoshi ba.

Ummu Khalil, Riyad

Malam Hamisu, tarihin da ka kawo gaskiya ne, amma ban yarda da hukuncin da ka ɗora a kansa ba. Yawancinmu da muka tashi a wannan ƙasa ba ta takarda muka shigo wannan duniya ba, ta talabijin muka shigo. Finafinan zane na Grendizer da Kaftin Majid ne suka fara kama mu tun kafin mu san akwai wani Go Nagai ko Yoichi Takahashi da suka ƙirƙire su a Japan. Muryar Jihad al-Atrash da waƙar Sami Clark a Grendizer na Larabci su ne ƙuruciyar mutane da yawa a gidajenmu na Makka da Jidda, kuma lokacin da Sami Clark ya rasu a 2022 na ga manya masu 'ya'ya suna juyayi kamar an yi musu rashin dangi. Su ma waɗannan masu fasaha ne, aikinsu na murya da fuska ne.

Ka tuna kuma cewa da aka sake buɗe sinima a Riyad a Afrilun 2018, Black Panther ne fim na farko da aka nuna. Ga yaro baƙar fata da ya tashi a nan, wanda ya saba jin maganganun da duk muka sani a makaranta da kan titi, ganin Chadwick Boseman a matsayin sarki abu ne mai nauyi ƙwarai. Ya rasu a Agustan 2020 yana da shekara 43. Wanda ya taɓa tsayawa gabansa ya karɓi sa hannunsa, ba zan ce masa ya ɓarnatar da kuɗi ba. Don haka, Abu Sumayya, kada a raina burin ƙanenka. Abin da yake nema shi ne ya haɗa ido da wanda ya ba shi wani abu, kuma wannan buƙata ce ta gaskiya.

Malam Hamisu, Jidda

Hajiya Ummu Khalil, ban raina shi ba, kuma maganar da kika yi a kan Boseman ta shige ni. Sai dai Black Panther ɗin nan ya fara bayyana ne a fitowa ta 52 ta Fantastic Four a 1966, daga hannun Stan Lee da Jack Kirby, shekara fiye da 50 kafin fim ɗin. Sannan tambayar ta mai ƙaramin ƙarfi ce. Tsarin da aka saba shi ne jarumi yana da farashin sa hannu a kan kowane abu guda, ɗaukar hoto da shi kuma kuɗinsa daban, lokacin da za ka samu a gabansa bai wuce na gaisuwa ba. Mai zane kuwa sau da yawa yakan sa hannu kyauta a littafin da ka saya a teburinsa, ya ƙara maka da ɗan zane, ku kuma yi hira har ka gamsu.

Bashir na Hindawiyya

Ni ta fuskar kasuwa zan yi magana, domin ina saye ina sayarwa, kuma na ga ana yaudarar sababbin shiga da labarin miliyoyi. Gaskiya ne cewa a Afrilun 2024 an sayar da kwafi ɗaya na fitowar farko ta Action Comics, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta a 1938, a kan dala miliyan 6, alhali senti 10 aka sayar da ita a zamaninta. Dalilin tsadar shi ne mutanen wancan lokaci ba su ajiye ba, yara sun karanta sun yar, an kuma tattara takardu da yawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don sake sarrafawa, sai ƙalilan suka rage. Da mutane suka ji irin wannan labari a farkon shekarun 1990, sai kowa ya shiga saye yana ɓoyewa. Fitowar farko ta X-Men ta 1991, wadda Jim Lee ya zana, an sayar da kwafinta fiye da miliyan 8, kuma saboda kowa ya adana nasa, yau kuɗinta bai kai a yi magana ba. Kasuwar ta rushe bayan 'yan shekaru, shaguna da yawa suka rufe, kamfanin Marvel kansa ya shiga kotu a kan karayar arziki a ƙarshen 1996. Duk wanda ya ce maka ka sayi sabuwar mujalla mai bango na musamman a wurin taro domin za ta yi tsada, ka tuna da wannan.

Game da sa hannu, akwai abin da ya kamata a sani tun kafin a miƙa littafi. Kamfanin CGC na Amurka, wanda ya fara aiki a 2000, yana duba lafiyar mujalla ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, sannan ya rufe ta cikin akwatin roba mai ƙarfi. Idan wakilinsu ya shaida sa hannun da idonsa, sukan ba ta tambari rawaya, kuma wannan ne masu saye suka fi amincewa da shi. Sa hannun da ba su shaida ba, shekara da shekaru suna ɗaukarsa tamkar rubutu ne kawai a bango, sai bayan da suka sayi kamfanin JSA mai tantance sa hannu a 2024 aka samu hanyar a bincika a tabbatar. Abin nufi shi ne, idan ka ɗauki tsohuwar mujalla mai daraja ka kai wa ɗan fim ya yi rubutu a bangonta ba tare da shaida ba, ta yiwu ka rage mata kuɗi ne. A kula kuma da masu sayar da hotunan da aka riga aka sa wa hannu. Stan Lee, wanda ya rasu a Nuwamban 2018, ya sa hannu a abubuwa masu tarin yawa a rayuwarsa, kuma jabun sa hannunsa sun cika intanet. Takardar shaidar da mai sayarwa ya buga wa kansa ba hujja ba ce.

Malam Hamisu, Jidda

Bashir, bayaninka yana da amfani, amma wannan akwatin roba shi ne abin da raina bai taɓa kwanciya da shi ba. Mujallar da aka liƙe ba za a sake buɗe ta ba sai an fasa, kuma da an fasa makin ya daina aiki. Ya zama kamar rumbun da aka cika da hatsi aka toshe ƙofarsa, mai gida yana alfahari da shi, iyali kuwa ba su ci ba. Mai zanen ya ɓata makonni a kan shafukan ciki, mu kuma mun taƙaita aikinsa ga bango da lamba.

Bashir na Hindawiyya

Malam, abin da ya kai shekara 60 ko 80 kuma ya yi ƙaranci a duniya, rufe shi kariya ce gare shi, labarin kuma an sake buga shi a kundaye masu araha ga mai son karatu. A kan sababbin mujallu kuwa ina tare da kai, domin kuɗin aika su Amurka da na tantancewa da na dawo da su sau da yawa ya fi darajarsu.

Kawu Abdullahi, Madina

Assalamu alaikum, 'ya'yana. Ina karanta maganganunku tun ɗazu, kuma na lura duk kun fuskanci Amurka da Japan, alhali akwai dukiyar da take kusa da ku wadda ba mai tantance ta, ba mai rufe ta a roba, kuma tana ɓacewa kullum. Ni a Sudan na tashi, a yankin Sinnar, cikin Hausawan da kakanninsu suka yada zango a kan hanyar aikin hajji. Mujallar da ta koya mana son karatu ita ce As-Sibyan, wadda aka fara bugawa a 1946 a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, tana cikin mafi daɗewa a mujallun yara na ƙasashen Larabawa. A cikinta akwai Ammak Tango, wanda Sharhabil Ahmad ya daɗe yana zanawa, mutumin da yawancin mutane suka fi sani da kiɗa da waƙa. Kwafi ɗaya yakan zagaya unguwa har ya yage, shi ya sa samun mai lafiya yake da wuya ƙwarai. 'Yan kaɗan da ɗan'uwana ya adana suna gidansa a Omdurman, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 iyalin suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka.

Ku da kuka tashi a nan ma kuna da naku. Akwai Samir ta Masar da ta fara a 1956, akwai Majid ta Abu Dabi da ta fara a 1979 da Kaslan Jiddan da Naƙib Khalfan a cikinta, akwai Basim ta nan Saudiyya da ta fara a 1987. Akwai kuma Superman na Larabci da aka fara bugawa a Bairut a 1964, wanda a cikinsa ɗan jaridar nan da yake rikiɗa ya zama Superman sunansa Nabil Fauzi. Waɗannan su ne iyayenku da yayyenku suka karanta. Idan Abu Sumayya ya ga rumfar da take sayar da su a wurin taro, ina roƙonsa ya tsaya. Idan bai gani ba, ya leƙa kasuwar gwanjo ta Sawarikh a Jidda ko ta Bin Ƙasim a Riyad, inda akan zubar da kayan tsofaffin gidaje, ya kuma tambayi dattawan danginsa kafin a yi ƙaura a zubar da akwatuna.

Alhaji Musa, Makka

Ku yi mini afuwa, zan kawo abin da ba a taɓo ba. Da yawa daga cikinmu muna da sabunta iƙama a wuyanmu, ga hayar gida, ga 'yan'uwa a Kano da Gadarif da suke jiran abin da za mu aika. Biyan ɗaruruwan riyal don wani ya ja layi da alƙalami a kan hoto, ina jin tsoron ya shiga almubazzaranci. Tun a 2017 ma wasu malamai sun soki taron a fili. Ban ce kada a je ba, amma ina son a auna da wannan ma'auni.

Ummu Khalil, Riyad

Alhaji, tunatarwarka a kan hanya take, kuma wanda yake da bashi ko haƙƙin wani a kansa, babu shakka wannan ne farko. Amma Abu Sumayya ya ce abin da suka ware ne, wato sun riga sun fitar da wajibi. Mu a gidanmu abin da muke yi shi ne a yanke adadi tun daga gida, a riƙe shi a hannu, a bar katin banki, domin zauren an tsara shi ne don ya sa mutum ya kashe fiye da niyyarsa. Lokacin salla kuma a fita daga layi ko da za a rasa wuri. Abin da ya shafi hukuncin hoto da shigar kwaikwayon jarumai, kowa ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa.

Maryam mai zane, Jidda

Assalamu alaikum. Ni ina cikin waɗanda suke zama a bayan teburin da Malam Hamisu yake magana, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga wancan ɓangare. Teburin haya muke biya, littafin mu muke bugawa, kuma saboda kwafi kaɗan muke iya bugawa, kuɗin kowane ɗaya yakan yi tsada a maɗaba'a. Yawancinmu burinmu a taro shi ne mu mayar da abin da muka kashe. Wanda ya sayi littafi ɗaya ya taimaka a buga na gaba, kuma wannan lissafi ne na zahiri.

Duk da haka ba na son a zo mana don tausayi. A buɗe littafin a duba, idan zanen bai yi ba ko labarin bai kama mutum ba, ya wuce, ba laifi. Abin da nake so masu tarawa su gane shi ne, idan ƙarancin abu ne yake ba shi daraja kamar yadda Yaya Bashir ya bayyana, to littafin da aka buga kaɗan a Jidda ya fi sabuwar mujallar Amurka ƙaranci nesa ba kusa ba. Harkar kuma tana girma a gabanmu. An kafa Manga Productions a ƙarƙashin gidauniyar Misk, suka yi fim ɗin Ar-Rihla tare da Toei ta Japan a 2021, a shekarar ce kuma aka fara fitar da mujallun Manga Arabia. Waɗanda za su yi suna nan gaba, wasunsu yanzu suna zaune a waɗannan tebura.

Akwai kuma abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. A Najeriya ana yin Comic Con a Legas tun 2012, akwai kamfanin mujallun zane na Comic Republic, akwai Roye Okupe da ya yi Malika, wadda ya ɗauko hasken labarinta daga Sarauniya Amina ta Zazzau. Tarihinmu ne, da Turanci aka ba da shi. Mu nan muna da Hausa muna da Larabci, muna da labarin kakannin da suka taka daga Kano da Sakkwato suka ratsa Chadi da Sudan har Sawakin suka haye teku, tafiyar da takan ci shekaru, amma ban taɓa ganin littafin zane guda da Hausa a kan tebur a waɗannan taruka ba. Ina aiki a kan wani, kuma abin da zai sa ya fito shi ne in san akwai masu saye.

Abu Sumayya, Makka

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malama Maryam, idan ya fito ki sanar da mu a nan. Ina da tambaya ta aiki: yaya ake neman sa hannu ko zane ba tare da an takura wa mai zane ba, kuma yaya ake adana abin da aka samo?

Maryam mai zane, Jidda

Ka zo da wuri a ranar farko idan zane na musamman kake so, domin kowane mai zane yana da iyakar abin da zai iya gamawa kafin a tashi, kuma jerin yakan cika tun kafin la'asar. Ka tambayi farashi kafin a fara, kada a gama a shiga ciniki. Ka cire littafin daga leda da kanka, ka faɗi inda kake son a sa hannun, bango ko shafin farko, ka kuma faɗi ko kana son a rubuta sunanka. Idan bangon mai sheƙi ne, ka bar tawadar ta bushe sosai kafin ka mayar, in ba haka ba za ta manne a ledar. Kada ka ɗauki hoton zanen da ke kan tebur sai ka nemi izini, kuma kada ka kawo tulin littattafai alhali akwai mutane a bayanka.

Bashir na Hindawiyya

A kan adanawa, maƙiyinmu a Jidda shi ne laima. Ita ce take sa ƙarfen da aka ɗinke mujalla da shi ya yi tsatsa ya ɓata takardar, ita ce kuma take kawo fumfuna. A Riyad da Madina matsalar zafi ce da bushewa, takarda ta yi rawaya ta riƙa karyewa. Kowace mujalla a sa ta a ledarta da kwali marar asid a bayanta, a jera su a tsaye cikin akwati, a ɗaki mai na'urar sanyi, nesa da taga, kuma kada akwatin ya taɓa ƙasa ko bangon da ke jikin banɗaki. Ɗakin saman bene da bayan mota su ne suka fi kashe tarin mutane a wannan ƙasa. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, domin bayan shekaru mannin yakan ratsa takardar ya bar tabon da ba ya fita.

Kawu Abdullahi, Madina

Bashir, ɗana, tsofaffin mujallun Larabcin nan da takardar jarida aka buga yawancinsu, sun fi na Amurka na yanzu rauni, kuma girmansu ya bambanta, ledar da ake sayarwa ba lalle ta shige su ba. Wanda ya samu As-Sibyan ko tsohuwar Basim, ina roƙonsa ya ɗauki hoton kowane shafi da waya a wuri mai haske kafin ya ajiye, har da bangon baya inda ake rubuta shekara da lambar fitowa, ya turo mana. Ina da jerin lambobin da na iya tunawa na shekarun da nake makaranta, zan rubuto su gobe bayan azahar in Allah ya yarda, domin mai zuwa kasuwar Sawarikh ya san abin da zai nema.